Amsoshin Tambayoyinku: Ƙibar Kare Lafiya Ce?

Mai sauraronmu daga Zariya na tambaya ko ƙibar karensa alamar ƙoshin lafiya ce. A'a, Malam, cuta ce. Shafa gefen ƙirjinsa: in sai ka danna sosai kafin ka ji haƙarƙari, kitse ya yi yawa. Irin wannan kare ɗan gudu kaɗan sai haki, ga ciwon gaɓoɓi, ga zafin bazara na galabaitar da shi. Wani binciken Amurka na 2002 ya nuna karnukan Labrador da aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara 2. Ka riƙa auna abincinsa, a daina juye masa ragowar tuwo da maiƙo, ku zagaya da sanyin safiya. Kada dai ka hora shi da yunwa, likitan dabbobi zai tsara maka ragin sannu a hankali.