Masauki Mai Jigo a Lokacin Ƙarancin Baƙi: Darasi ga Yankin Kazaure daga Argungu da Yankari da Bagauda

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin masauki mai jigo a watannin da baƙi suke ɗaukewa, ta kuma auna abin da hakan yake nufi ga ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura a Jihar Jigawa. An bi hanyar kwatanci, inda aka nazarci wurare uku na Arewacin Nijeriya. Maƙalar ta gano cewa kalanda biyu ne suke juya zuwan baƙi a ƙasar Hausa, sannan masaukin da ya ɗora jigonsa a kan biki guda yana cikin haɗarin durƙushewa.

Fitilun Kalmomi: masauki, jigo, yawon buɗe ido, damina, Kazaure

1.0 Gabatarwa

Saukar baƙo tsohuwar al'ada ce a wurin Bahaushe, shi ya sa yake cewa "baƙonka annabinka". Tun zamanin fatauci akwai zango, akwai kuma mai masauki, wanda yake ba fatake wurin kwana, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Sai dai harkar tana da lokacinta. Ayari yakan tashi da rani, lokacin da hanya ta bushe kuma rafuka suka janye. Idan ruwa ya sauka, sai zango ya yi tsit, mai masauki ya ɗauki fartanya ya nufi gona. Ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin lokacin ƙarancin baƙi, kuma ya magance shi da sana'a ta biyu. Otal na zamani ba shi da wannan mafita, domin albashin ma'aikata da man janareta da gyaran gini ba sa jiran zuwan baƙo.

2.0 Ma'anar Masauki Mai Jigo

A fagen adabi, jigo shi ne saƙon da marubuci ya gina aikinsa a kai. An aro kalmar a nan domin bayyana masaukin shaƙatawa wanda aka tsara gininsa da abincinsa da nishaɗinsa a kan manufa guda, kamar su, ko namun daji, ko tarihin sarauta. Baƙon irin wannan wuri jigon yake biya wa kuɗi, ɗakin kwana kuwa biyo baya yake yi. Saboda haka tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya rage wa baƙo idan lokacin jigon ya wuce?

3.0 Kalanda Biyu

Kalanda ta farko ita ce ta yanayi, wato bazara da damina da kaka da hunturu. Wasannin dambe da kokawa da kalankuwa sun fi armashi bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da aljihun manomi yake da nauyi. Ta biyu ita ce ta Hijira, wadda shekararta take gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Wannan ya sa hawan salla yake zagaya yanayi duka a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Ƙaramar Salla ta 2013 ta faɗo a watan Agusta, tsakiyar damina, ta 2024 kuwa ta zo a watan Afrilu, cikin zafin bazara. Don haka masaukin da ya dogara da hawa ba shi da tsayayyen lokacin cika ko na ƙaranci, dole ne lissafinsa ya riƙa sauyawa kowace shekara.

4.0 Misalai Uku

4.1 Argungu

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Biki ne na 'yan kwanaki a Matan Fada, amma masaukan da aka tanada dominsa suna tsaye shekara cur. Bayan na 2009 ba a sake gudanar da shi ba sai a 2020. A nan lokacin ƙarancin baƙi ya tashi daga watanni ya koma shekaru, abin da yake nuna raunin jigon da ya rataya a kan taro guda.

4.2 Yankari

An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Da rani ake fi ganin namun daji, domin ciyawa ta bushe kuma dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. Da damina daji yakan yi duhu, dabbobi su bazu. Duk da haka sansanin Wikki yana da abin riƙe baƙo, wato maɓuɓɓugar ruwan ɗumi wadda zafinta yake tsayawa a kan kimanin digiri 31 rani da damina. Jigo na biyu ne yake tallafar na farko.

4.3 Bagauda

Otal ɗin tafkin Bagauda yana cikin ayyukan zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Yana ɗauke da sunan Bagauda, sarkin Kano na farko, yana kuma bakin ruwa. Suna da kyawun wuri ba su hana shi daina aikin otal ba, a yau harabar reshen Kano ce ta Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Darasin shi ne gini yana iya tsira, amma manufar da aka yi shi dominta ta mutu.

5.0 Yankin Kazaure a Mizani

Yankin yana da kayan da ake gina irin wannan masauki a kansu. Akwai masarautar da Ibrahim Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, da hawan sallarta. Akwai duwatsun Kazaure da Roni, da madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba, da tafkin Wawan Rafi. Garin Kazaure yana kan hanyar Kano zuwa Daura, Ɓaɓura kuwa tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Jarrabawar da ke gaban duk mai son zuba jari ita ce ya guji ɗora komai a kan kwanakin hawa.

Baƙon da ya sauka da damina yana iya ganin abubuwan da ɗan kallon hawa ba ya gani. Zai tarar da duwatsu sun yi kore shar, madatsa ta cika. Zai ga aikin gayya, ya ci kwaɗon rama da tafasa, ya sha fura da nonon da ya wadata saboda shanu sun sami ciyawa, ya kuma ci tumu idan gero ya nuna. Idan an yi masaukin da tubali da azara, a lokacin ne zai fahimci amfanin indararo da dalilin da ya sa magina suke yin yaɓe kafin faɗuwar ruwa. Ga manazarci kuwa, wannan ne lokacin da ya fi dacewa da tattara bayanai, domin ana samun al'ada a mazauninta, ba wadda aka shirya wa 'yan kallo ba. Sai dai akwai tsada: manomi ba shi da lokacin hira da hantsi, hanyoyin karkara sukan lalace, sauro kuma yakan yawaita.

Bugu da ƙari, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure tana jawo malamai da ɗalibai da mahalarta taro, waɗanda zuwansu bai danganta da hawa ko kaka ba. Irin waɗannan baƙi su ne gonar mai masaukin zamani.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙarancin baƙi tsohon al'amari ne wanda Bahaushe ya san maganinsa, kuma masauki mai jigo yana rayuwa ne gwargwadon abin da ya tanada wa watannin da ba a biki. Ana ba da shawara ga hukumomin al'adu na Jihar Jigawa da masarautun Kazaure da Ringim su fara da tsara kalandar al'adun yankin ta wata goma sha biyu kafin a aza tubalin kowane gini. Haka kuma akwai buƙatar manazarta Hausa su taskace kalmomin saukar baƙi da na ayyukan damina daga bakin dattawan Roni da Gwiwa da Ɓaɓura tun suna raye, domin daga gare su ne za a samo jigon da zai ɗore.