Malami Da Mas'alar Saɓani A Cikin Aji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa matashi da aka damƙa wa aji a makarantar Islamiyya, ko a Ikara kake, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, ka sani yaran da ke gabanka ba daga gida ɗaya suka fito ba. Wannan mahaifinsa yana kama ƙirji a salla, wancan nasa yana sakin hannu. To wata rana sai yaro ya miƙe ya ce, "Malam, wa ke da gaskiya?"

Kada ka ɗauki tambayar nan wasa. Rigimar da ƙabalu da sadalu ke cikinta ta kai ga rasa rayuka a ƙasar Argungu a 1965.

Ka fara shimfiɗa hujjar kowa kafin ka faɗi naka. Ka gaya musu hadisin ɗora dama a kan hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma Mudawwana ta kawo riwayar Ibnul Ƙasim cewa Malik ya karhanta shi a farilla. Ka ga littafi biyu ke nan, mazhaba ɗaya. Sannan ka faɗi abin da ka rinjayar da dalilinka, don ba a ɓoye ilmi saboda tsoron fuska.

Amma ka kafa doka tun ranar farko: mas'ala ake tattaunawa, ba a ambaton uban wani, ko shehinsa, ko masallacin unguwarsu. Kuma duk wanda zai soki magana, sai ya fara maimaita hujjar ɗan'uwansa har mai ita ya ce, "E, haka nake nufi." Wallahi wannan kaɗai yana kashe rabin hayaniya, don yawancinmu ba ma saurare, jira muke a yi shiru mu yi raddi.

Ka ba su labarin sahabbai a hanyar Banu Ƙuraiza. Wasu suka yi La'asar a hanya, wasu suka jinkirta sai da suka isa, kowa da yadda ya fahimci umarnin, kuma Manzon Allah (S.A.W.) bai tsawata wa kowane ɓangare ba.

In tambaya ta fi ƙarfinka, ka ce, "Ban sani ba, zan duba." Imamu Malik ma ya sha faɗin haka. Kuma ka tuna yaron nan gida zai koma da maganarka. In ya je ya ce wa mahaifinsa sallarsa ɓatacciya ce, gobe ba za ka gan shi a ajin ba, har ƙannensa.

Allah Ya sa mu dace, amin.