Yadda Ake Nazarin Dalilin da Ya Sa Tauraron Wasan Kwaikwayo Ya Kashe Kansa

Ɗalibin adabi a Kura ko Bunkure da aka ɗora wa wannan nazari yana iya koyi da manomin shinkafa na Kadawa, wanda ya san cewa ruwan da ke kwance a gonarsa ya biyo magudanai ne tun daga madatsar Tiga, domin mutuwar tauraro, wato ɗan wasan da labari ya rataya a wuyansa, tana da mafari mai nisa da fitowar ƙarshe. Misalin da za a bi shi ne Elesin na wasan Wole Soyinka, Death and the King's Horseman, wanda aka buga a 1975 bisa wani abu da marubucin ya ce ya auku a Oyo a 1946.

Matakin farko shi ne tantance abin da al'ummar wasan ke nema daga tauraro. Elesin shi ne sarkin dawakin Alafin, wato sarkin Oyo, kuma al'ada ta wajabta masa bin ubangidansa lahira wata guda bayan rasuwarsa, a madadin gatan da ya sha tsawon rayuwarsa. Manazarci Musulmi ya san cewa kashe kai haramun ne, sai dai aikinsa a nan gano yadda mutanen cikin wasan suke kallon lamarin ne, kuma fahimta ba ta nufin amincewa.

Daga nan sai a nemo raunin tauraro, abin da masana tun daga Aristotle suke nufi da kuskuren da ke kayar da babban mutum. A nan ya kamata a daɗe, a karanta fitowa bayan fitowa ana kwatanta furuci da aiki. Elesin ya shiga kasuwa yana kirari da alfaharin cewa ba ya tsoron mutuwa, amma a daren da zai tafi idonsa ya faɗa kan budurwar da aka yi wa baiko da ɗan Iyaloja, shugabar matan kasuwa, ya nemi a ba shi ita, aka ba shi tare da gargaɗi. Wanda ya shirya barin duniya ba ya neman amarya.

Mataki na uku shi ne raba dalilin waje da na zuci. Baturen Di'o Simon Pilkings ya kama Elesin ya tsare shi don hana shi cika al'adar, kuma ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa, alhali Soyinka da kansa ya gargaɗi masu shirya wasan kada su mayar da shi karon al'adu kawai. Elesin ma, bayan ya ɗora wa Bature laifi, ya amsa cewa azamarsa ta yi rauni.

Abu na ƙarshe shi ne duba abin da ya zo dab da mutuwar. An kawo masa gawar ɗansa Olunde, mai karatun likita a Ingila, wanda ya mutu a madadinsa, nan take Elesin ya shaƙe kansa da sarƙar da aka ɗaure shi. Wannan mutuwa ba ta biya bashin al'ada ba, tun da lokacinta ya wuce. Hukuncin da hujjojin wasan suka fi goyon baya shi ne kunya da baƙin cikin rashin ɗa ne suka kashe Elesin, kuma wajibi ne ɗalibi ya kafa kowane hukunci nasa da fitowar da ta tabbatar da shi.