Kafin Ka Ɗaure Jirgi, Dubi Inda Yara Za Su Taka

Da zarar an gama kaka, ruwan Tiga ya fara ja da baya, nakan ɗaure akwatin sanyi na alluran rigakafi a bayan babur in bar Kwanar Ɗangora tun da sanyin safiya. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, kuma cikin mutanen da nake bi har inda suke akwai iyalan masunta da ke sauka a gaɓar dam ɗin, ta ɓangaren Bebeji da ta ɓangaren Tudun Wada. Wasu 'yan ƙasa ne, wasu baƙi. Na sha fura a bukkar mutumin Argungu, na yi wa ɗan mutumin Yawuri allura, na zauna da waɗanda suka taso daga Haɗeja. Sukan zo da mata da yara da tukwane da tabarmi su kafa tunga. In kifi ya yi ƙasa, sai su loda komai a jirgi su ƙara gaba, wani lokaci har su bar Tiga ɗungurungum su koma Challawa ta wajen Ƙaraye.

Wannan rayuwa ta girmi dam ɗin nesa ba kusa ba. Tiga dai a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka tare Kogin Kano aka gina shi, daga 1971 zuwa 1974. Sarkawa da Kabawa kuwa tun kaka da kakanni suke bin Kogin Kwara da iyalansu a manyan jirage, suna sauka zango-zango. Ko a ƙasashen Turai da Amurka akwai iyalan da suka mai da jirgin ruwa gidansu, kuma abin da suke tambaya kafin su tsaya a wata tasha shi ne ko akwai ruwan sha, da asibiti, da wurin da yara za su yi wasa ba fargaba. Namu masuntan sun fi su sanin ruwa. Amma na lura idan na tambayi magidanci me ya sa ya zaɓi wuri kaza, amsarsa ba ta wuce uku: kifi na nan, iska ba ta dukan jirgi, dillali yana iya shigowa da mota. Duka gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne ba kasafai nake jin an ambaci yara a lissafin ba, alhali su ne suke wuni a bakin ruwan nan bayan maza sun tafi duba kalli da mamari.

Bari in fara da abin da na fi gani, wato tsargiya. Akwai wata tunga da na taɓa zuwa, an kafa ta a wani lungu mai kyau, ruwan a kwance lumui, ciyawa ta rufe gefe da gefe. Mai tungar yana alfahari da wurin, ya ce mini, "Likita, ko guguwa aka yi, jirgina ba ya motsi." Na ce a tara mini yaran, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ko suna ganin jini a ƙarshen fitsari. Mafi yawan mazan suka ce e. Wani dattijo da ke gyaran koma a gefe ya ce, "Ai wannan ba ciwo ba ne, ɗana, alamar balaga ce. Mu ma duk mun yi." Na ce masa, "Baba, kun yi ne saboda a irin wannan ruwan kuka tashi."

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan fita tare da fitsarin su ƙyanƙyashe. Daga nan sai su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa, su hayayyafa a cikinsa, su fito dubbai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga. Kuma sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Dodon koɗin nan ba ya son wurin da igiyar ruwa ke duka, ya fi son ruwa marar zurfi, marar motsi, mai ciyawa. Ka ga ke nan lungun da ya fi dacewa da jirgi shi ne ya fi cutar da yaro. Idan ciwon ya daɗe yana rage jini, yana hana yaro girma yadda ya kamata, yana lalata mafitsara, har yakan kai ga ciwon daji bayan shekaru. A wurin 'yan mata da matan aure kuma yana taɓa al'aura, ya zo da ƙaiƙayi da zubar ruwa ko jini, a yi ta shan maganin sanyi ba sauƙi, wani lokaci ma a zargi baiwar Allah da abin da ba ta aikata ba. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai, domin matan ba sa faɗa sai na zo da abokiyar aiki mace.

Magani akwai, sunansa firazikwantel, ana auna tsayin yaro ko nauyinsa a ba shi, kuma a sha bayan an ci abinci. Gwamnati kan raba shi kyauta a makarantu, sai dai yaron tunga ba ya aji ranar da aka zo rabo. Kuma maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, gobe in yaron ya koma lungun nan zai sake ɗauka. Shi ya sa shawarata ita ce a raba wurin jirgi da wurin iyali. A ɗaure jirgi a lungu, babu laifi, amma bukkoki da wurin wanki su kasance inda gaɓar take da yashi ko tsakuwa, ba ciyawa. A haƙa shadda nesa da ruwa, ko da rami ne da zana. Ruwan wankan ƙananan yara a ɗebo shi a ajiye ya kwana biyu, ko a ɗora shi a wuta ya yi zafi sosai sannan ya huce, tsutsar ba ta rayuwa.

Sai maganar nutsewa. Na san akwai masu cewa ɗan Sarkawa ruwa ba ya cin sa, kuma ba na jayayya da abin da mutum ya gada a gidansu. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa: yaron da bai kai shekara biyar ba, ko ɗan waye, in ya faɗa ruwa ba ya ihu, ba ya fantsama, shiru yake tafiya, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A Tiga akwai ƙarin haɗari, domin gaɓar ba ta zama wuri ɗaya. Da rani ana sakin ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, sai bakin ruwa ya yi ta ja, inda yaro ya saba takawa lafiya a watan jiya, yau yana dab da tsohon kwari mai zurfi. Da damina kuma ruwan da ke gangarowa daga wajen Riruwai da dajin Falgore yakan cika dam ɗin da sauri, bukkar da aka kafa a fili ta wayi gari ruwa na lasar ƙofarta. Don haka duk wanda zai sauka, ya ɗauki gora ya shiga da ƙafarsa ya auna gaɓar taku bayan taku kafin a sauke kaya, ya kuma sake aunawa duk bayan 'yan makonni.

A wata tunga na ga dabarar da ta burge ni. Matan sun kewaye gindin wata bishiya da kara, suka mai da wurin gidan raino, kullum mace ɗaya ce ke zama da masu rarrafe da masu tatata yayin da sauran ke fama da banda. Babu ko sisi da suka kashe. Tun daga ranar, duk inda na je sai na ba da labarinsu.

In kuwa ƙaddara ta faɗa aka tsamo yaro ba ya numfashi, don Allah a daina juya shi ƙasa da kai ana jijjigawa, a daina danna masa ciki wai a fitar da ruwa. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi baki da baki har ƙirjinsa ya ɗaga, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo ya tashi yana wasa, a kai shi asibiti a ranar, domin huhu kan rikice bayan sa'o'i.

Ranar tashi daga zango zuwa zango ita ce ranar da na fi jin tsoro. A ranar ne ake haɗa buhunan hatsi da katifa da jarkar fetur da awaki da yara a jirgi ɗaya, har ruwa ya kusa taɓa baki. Mu mutanen Kano ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi. Allah ya jiƙansu da rahama. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima, ta kuma wajabta rigar kariya. A yi sawu biyu, kaya daban, iyali daban, da safe kafin iska ta taso. Rigar kariya kuma a nemi ta yara, domin ta manya sulluɓewa take daga jikin yaro in ya faɗa.

Abu na gaba da zan roƙi magidanci ya duba shi ne hanyar fita. Tunga ta yi kyau, amma babur yana isowa cikin dare? Waya tana kamawa, ko sai an hau tudu? Idan akwai mai juna biyu da ta shiga wata takwas, ban ga dalilin kai ta tsibiri ko ƙetaren da sai an yi awa guda a jirgi kafin a taka ƙasa ba. Jini in ya ɓalle bayan haihuwa ba ya jiran gari ya waye. Gara ta zauna kusa da titi, inda za a iya kai ta babban asibitin Tudun Wada ko na Rano cikin lokaci, ko da kuwa maigidan zai riƙa kwana biyu a ruwa yana dawowa.

Katin rigakafi shi ma yakan sha wuya a hannun masu yawo. Jariri na da allura ranar haihuwa, da sati 6, da sati 10, da sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. Iyali kan canza zango sau biyu ko uku a tsakanin nan. Na sha karɓar kati ya jiƙe ya manne, rubutun ya wanke. Iyaye mata, ku sa shi a leda ku ƙulle tare da kuɗinku, duk asibitin da kuka nuna shi za a ɗora daga inda aka tsaya, ba a komawa farko. Haka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 duk wata a damina: masu rabon suna bin gidajen da suka sani ne, bukkar da aka kafa makon jiya ba ta cikin takardarsu.

Karatu ba fannina ba ne, amma tun 1989 akwai Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna, kuma 'ya'yan masunta masu ƙaura suna cikin waɗanda aka ɗora mata. Inda babu irin makarantarta, zangon da yaro zai iya takawa zuwa firamare ko makarantar allo ta ƙauyen kusa ya fi wanda ba zai iya ba.

Roƙona na ƙarshe ga Sarakunan Ruwa da masu unguwannin da ke gaɓar Tiga ne, tunda babu baƙon da ke jefa koma bai gaishe ku ba. Ranar da sabon iyali ya sauka, ku tambaye shi yara nawa ya zo da su, da ko akwai mai ciki, ku aika wa asibitin da ya fi kusa da ku. Ba mu da jirgi, amma in an faɗa mana wurin, za mu zo da babur har inda hanya ta ƙare, sai a turo yaro da kwale-kwale ya ƙetarar da mu da akwatin.