Unguwar Lamorde

Lamorde unguwa ce a gefen birnin Yamai, a bakin kogin Isa. A can kowa ya san kowa. Da asuba masunta suna shiga kwale-kwale, masu garka kuma suna ban ruwa.

Gidaje da yawa ginin laka ne. Ɗakin laka yana da sanyi lokacin bazara, amma ba ya jure ruwa. A shekarar 2020 kogi ya cika, ya fasa madatsa, ya shiga unguwar. Katangu suka jiƙe daga ƙasa, suka zube. Aka kwashe tsofaffi da yara cikin kwale-kwale. Iyalai da yawa suka kwana cikin azuzuwan lakwal.

Tambayoyi
1. Don me katangu suka zube?
2. Da me aka gina gidanku?