Me Ya Sa Raunin Mai Ciwon Sukari Ke Jinkirin Warkewa?

Idan ƙaya ta soki mutum a ƙafa, wurin yakan yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zafi. Wannan kumburi shi ne mafarin gyara. Fararen ƙwayoyin jini suna taruwa a wurin domin cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Cikinsu akwai waɗanda masana ke kira makurofaj. A kwanakin farko suna fitar da sinadaran saƙo, irin su TNF-alfa, masu kiran ƙarin mataimaka. Bayan ƴan kwanaki sai su sauya aiki: su lafar da kumburin, su saki VEGF, sinadarin da ke sa ƙananan jijiyoyin jini su yi toho zuwa cikin raunin. Waɗannan sabbin jijiyoyi ne ke kai iskar oksijin da abinci, su ne kuma ke ba rauni mai warkewa jan launinsa.

A jikin mai ciwon sukari, wannan sauyi yakan cije. Yawan sukari cikin jini yana riƙe makurofaj a matakin faɗa, saƙon kumburi ya ƙi yankewa, sinadaran da ke narkar da mataccen nama su yi yawa har su lalata sabon da ake ginawa. VEGF ya ragu, jijiyoyi su kasa toho, rauni ya zama gyambo. Ga shi kuma cutar tana kashe jin taɓi a tafin ƙafa, har mutum ya yini yana taka rauni bai sani ba. Ta wannan hanya ƙaramar faso kan kai ga yanke ƙafa.

Abinci yana da rabonsa a nan. Jiki ba ya gina sabon nama sai da abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono. Bitamin C, da ake samu a garin ƴaƴan kuka, gwaiba, lemu da ɗanyen tumatir, wajibi ne wajen ƙarfafa sabuwar tsoka da fata. A rage sukari cikin shayi da fura, a riƙa shan magani yadda likita ya tsara.

A duba ƙafafu kowace rana, har tsakanin yatsu, kuma kada a yi tafiya ba takalmi. Kada a zuba toka, ƙasa ko saƙe-saƙi a rauni. Duk wani rauni a ƙafar mai ciwon sukari, komai ƙanƙantarsa, a nuna shi ga ma'aikacin lafiya ba tare da jinkiri ba. Idan akwai mugunya, wari, baƙi ko zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar.