DARASI: DUBA TSOHON GIDA KAFIN SAYE, TA FUSKAR AIKATAU

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu da muka koyi Hausa a makaranta mukan haddace azuzuwan aikatau guda bakwai da F. W. Parsons ya tsara a shekarar 1960, mu ci jarrabawa, sannan mu manta da su. Alhali kuwa wasalin ƙarshe na aikatau yana iya jawo wa mutum riba ko asara. Don tabbatar da haka, wannan darasi zai ɗauki misalin mai son sayen tsohon gida a unguwa irin Bodija ta Ibadan, wadda aka fara gina rukunin gidajenta a 1959. Gidan da ya kai irin wannan shekaru ba a sayensa da ka, sai an duba.

Aji na Huɗu: Gano Ɓarna

Aikatau na wannan aji yana ƙarewa da -e, kuma yakan nuna cewa abu ya auku gaba ɗaya. Shi ne ajin da mai duba gida zai fi ji a bakin magini:

(a) Bango ya tsage.
(b) Katakon rufi ya ruɓe.
(c) Gara ta cinye ƙofa.
(d) Kwata ta toshe.

Sai dai tsaga suna ta tara. Siririyar tsaga a jikin filasta ba abin tsoro ba ce. Amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ta nufi ƙasa, tana iya nuna cewa harsashin ginin ya motsa. A lura da sabon fenti, domin yakan rufe asirin bango. A ɗaga kai a dubi silin: tabon ruwa alama ce ta yoyo. In rufin asbestos ne, a sani cewa ƙurarsa tana cutar da huhu idan ya farfashe. Ya fi kyau a je duba gida da damina, a kuma tambayi maƙwabta ko ruwa yana shiga unguwar, musamman a gari irin Ibadan da ya ga ambaliya a 1980 da 2011. Gani ya kori ji.

Aji na Bakwai: Yanke Hukunci

Wannan aji yana ƙarewa da -u, kuma ma'anarsa biyu ce. A shuɗaɗɗen lokaci yana nuna aiki ya yi kyau: gidan ya ginu. A lokaci mai ci kuwa yana nuna yiwuwa: bangon ba ya gyaruwa. Dubi wannan hira:

Dillali: Alhaji, ai an gyara rufin bara.
Mai saye: Na ji an gyara, Malam. Amma ya gyaru?

A nan ne gizo ke saƙa. "An gyara" (aji na ɗaya) labarin aiki kawai yake bayarwa. "Ya gyaru" shi ne ke ba da shaidar ingancinsa. Ɗalibin da bai rarrabe su ba, dillali zai yi masa wayo ba tare da ya yi ƙarya ba.

Aji na Biyu da na Biyar: Saya da Sayar

Mai kuɗi yana saya, mai gida yana sayar da shi. To, wa yake da ikon sayarwa? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma ana buƙatar amincewarsa kafin a mayar da mallakar fili mai takardar shaida ga wani. Saboda haka lauya ya binciki takardun a ma'aikatar filaye. In kuwa gidan gado ne, a tabbatar magada sun yarda. Gidan da ake rigima a kansa, ko ya ginu, ba ya sayuwa.

Kammalawa

Tambayoyi uku ke gaban mai saye: me ya lalace, zai gyaru, kuma zai sayu? Wanda ya samu amsarsu kafin ya biya la'ada, ya san ma'anar karin maganar nan: sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Jinga: Mayar da waɗannan aikatau zuwa aji na bakwai, ka sa kowanne cikin jimla game da gida: zauna, rufa, shafa, ɗaura.